Hamlar da Ta Watsa Mini Masu Cin Tuwo

Ni 'yar Kano ce, kuma na zo Sabha, garin Larabawa a tsakiyar hamada, ina taƙamar na san sanyi. Hunturun farko da ya same ni a unguwar Abdulkafi ya nuna mini ashe wasa muke yi a gida. Ruwan alwalar asuba sai ka yi ta maza kafin ka sa masa hannu, man da ka bari a kasko kuwa ya wayi gari a daskare, sai an kankare shi da cokali. Kowane gida ya kunna abin ɗumama ɗaki, wuta ta gaji ta ɗauke. Idan ta ɗauke injin tura ruwa ya tsaya, famfo ya yi shiru. Haka muke fama duk shekara, kuma har yau ban saba ba.

Maigidana tela ne a kasuwa. Ni kuma abinci nake sayarwa a zauren gidan da muke haya, tuwo da miyar kuka da rana, shinkafa da wake da yamma. Masu cin abincina leburori ne da magina da 'yan dako, galibinsu mutanen Nijar. Wasu sun daɗe a garin, wasu kuwa suna ɗan taɓa aiki ne su ƙara gaba arewa. Ka saba da fuskar mutum yau, gobe a ce maka ya wuce. Kusan duk Mama suke ce mini, har waɗanda suka girme ni.

Gidan na wata dattijuwar Balarabiya ne da muke katanga ɗaya da ita, kowa Hajja yake kiranta. A bakinta na koyi Larabcin garin, tana yi mini dariya ina ramawa, don ita ma har yau idan ta ce za ta faɗi "miyar kuka" sai ta sa ni hawaye. Ɗanta ne ke kula da maganar haya, mutum ne mai shiru da ba ya son a ji kansa da kowa a layi.

Ta wajen Hajja na sami wani aiki da ba wanda ya ɗauke ni. Mai unguwa yakan tura sanarwa ta waya ga masu gidaje: ranar da motar gas za ta tsaya bakin masallaci, ranar da za a rufe ruwa don gyaran bututu, lokacin da motar shara ta baladiyya za ta biyo, wato hukumar gari. Mu baƙi ba ma cikin waɗanda ake tura wa. Sai Hajja ta ƙwala mini kira ta kan katanga, ta kunna mini muryarsa in saurara. Da rana kuma, ina zuba miya ina shela: gobe a tari ruwa, jibi kowa ya fito da tukunyar gas ɗinsa, kada wanda ya zubar da shara a kwanar gidan burodi. Sun sa mini suna rediyon layi. Ina jin daɗin sunan nan, ba zan ɓoye ba, don mutum nawa ne suka kwana da ruwan wanka saboda bakina.

A hunturun da nake ba da labari, magudanar layinmu ta toshe. Ruwan datti ya taso daga rami ya malale gaban gidaje, baƙi ƙirin, ga wari, ga yara suna tsallake shi da safe za su makaranta. Ita kuma motar shara ta yi ɗan jinkiri, leda ta taru a kwana har iska na kwasarta tana rarraba wa mutane. Sai magana ta fara yawo. Wai maiƙon girkina ne ke daskarewa a bututu saboda sanyi, wai ƙartin da ke taruwa a zaurena su ne ke cika layi da shara. Raina ya ɓaci ba kaɗan ba. Ni da nake tace ruwan wanke-wankena a cikin durom, a layin da ba a mako sai an yanka rago a wani gida, ni ce mai maiƙo?

Wata safiya Hajja ba ta kira ni ta katanga ba, ta zagayo da kanta, lulluɓe da mayafin ulu, ta zauna kusa da murhuna tana ɗumama hannu. Da na ga haka na sha jinin jikina.

Ta ce, "'Yata, mutane sun je wa ɗana da ƙorafi. Suna so ya karɓi gidan."

Na ce, "Hajja, a cikin sanyin nan? A gidan nan fa na haifi 'ya'yana, ke kika fara ɗaukar ƙaramar."

"Na sani, ni ma na faɗa masa. Ya ce zai jira ranar Asabar. Baladiyya za ta turo motoci, kowa zai fito a share layi, a buɗe magudana. Idan mutanenki suka fito aka gan su, bakin masu magana ya mutu. Idan ba su fito ba, ni kaina ba ni da abin cewa."

Na ce mata wannan mai sauƙi ne. Mutanen da ke haƙa rami tun safe har yamma, share layi ɗaya zai gagare su? Na yi niyyar in yi musu shela ranar Juma'a bayan an sauko, lokacin da zaurena ya fi cika, don har na ƙara yawan tuwon ranar.

Ashe mai unguwa ya riga ni. Bayan sallar Juma'a ya miƙe a masallaci ya yi sanarwar da bakinsa, mutanena kuma suna sahun baya suna ji.

Na jera kwanuka ina jira. Aka sauko, layi ya cika da mutane, ya kuma watse, ba wanda ya leƙo zaurena. Tuwo ya fara hucewa. Na leƙa waje, ko ɗaya. Gidan da suke kwana a ƙarshen layi na hango shi da kwaɗo. Sai ga maigidana ya shigo, ya tsaya kan tukwanen yana girgiza kai, dariya na neman ƙwace masa.

Ya ce, "Maman yara, yau ke da ni za mu cinye tuwon nan. Jama'arki sun ranta a na kare."

"Me ya kore su?"

"Hamla."

Sai na zauna a kan kujerar tsugunno. Ga Balarabe, hamla kalma ce kawai ta duk wani gagarumin aiki da hukuma za ta fito ta yi: akwai hamlar rigakafin yara, akwai hamlar shuka itace, akwai ta tsafta. Amma ga mutanena ma'anarta ɗaya ce tak, ranar da jami'an tsaro za su tare layi da motoci su kwashe duk wanda ba shi da takardar zama, wato iƙama. Larabcinsu na wurin aiki ne, ba ya bin doguwar magana. A duk jawabin mai unguwa abin da kunnensu ya tsinta shi ne Asabar, hamla, motoci, da kuma inda ya ce har baƙi kowa ya tsaya a ƙofar gidansa. Wallahi ko ni ce a matsayinsu da ban tsaya naɗe tabarma ba.

Ban yi dariya ba. Gidana nake gani yana sulluɓewa saboda kalma ɗaya.

Maigidana ya buga nan ya buga can, wayoyi duk a kashe, har ya samo labarin sun tafi wata gona a hanyar Tamanhint, inda wani ɗan garinsu ke gadi. Na ce a nemo mini mota. Ya ce, "Ke yanzu gona za ki da tukwane?" Na ce ko bangon duniya ne. Muka ɗora tuwo da miya a bayan a-kori-kurar wani abokinsa, na rungume tukunyar miya don kada ta zube, iska tana yanka mini fuska har muka isa.

Na same su a bayan ɗakin mai gadi, ƙarƙashin dabinai, sun kewaye 'yar wuta. Da suka ji ƙarar mota wasu har sun miƙe za su shiga cikin gona, sai suka ga ni ce nake saukowa da ludayi a hannu. Ban ce komai ba sai da kowa ya ci. Mai jin yunwa da sanyi ba ya jin bayani, wannan na daɗe da sani a sana'ata.

Babbansu wani dattijon magini ne daga wajen Tawa, mai furfura a gemu, ba ya yawan magana, amma idan ya ce a zauna ba mai tashi. Ni kaɗai yake ce wa 'yarsa, ni kuma Baba nake kiransa. An taɓa kama shi a irin wannan samame shekarun baya, ya yi watanni a tsare, ya fito da tari da bai rabu da shi ba. Gabansa na durƙusa na yi bayani. Na ce hamlar shara ce, tsintsiya da shebur, motocin kuma na kwasar bola ne da na zuƙe ruwan datti. Na gaya musu maganar gidan ma, ban rage komai ba.

Baba ya ce, "Ɗiyata, ke kina da iƙama, mijinki na da iƙama. In maganarki ta zam ba daidai ba, ke gida za ki rasa. Mu mi za mu rasa?"

Ba ni da amsar da ta fi gaskiya, sai na ba shi ita. Na ce, "Kun fi ni abin rasawa, Baba. Ba zan rantse muku a kan abin da ke zuciyar hukuma ba, don ban shiga ba. Abin da na ji da kunnena na faɗa muku. Shekara nawa ina ba ku labarin ruwa da wuta da gas, na taɓa yi muku ƙarya?"

Wani daga baya ya ce, "Mama, kuran, wutar nan da kika ce za a kawo ran Talata, sai Alhamis ta zo."

Aka fashe da dariya, har Baba sai da tarinsa ya tashi. Na ce wa mai maganar ya dawo mini da naman da na sa masa. Amma da dariyar ta lafa, ba wanda ya ce zai zo. Baba ya ce in tafi kafin rana ta faɗi, Allah ya kai mu goben. Iyakar abin da na samu ke nan.

A hanyar dawowa sai tsoron ya juya. Na je ne ina tsoron kada su ƙi zuwa, na dawo ina tsoron kada su zo. Idan fa akwai abin da Hajja ba ta sani ba? Idan wani ya ga taron baƙi ya ɗaga waya? Ni ce na bi bayin Allah har maɓoyarsu da tuwo na kira su. Na so gidan nan, na so shi ƙwarai, amma ban so shi har in sayar da Baba ba. Na gaya wa maigidana haka a mota, ya ce tunda na faɗi gaskiya in bar sauran ga Allah.

Asabar ta waye da sanyi mai shiga ƙashi. Muka fito ni da maigidana, shi da shebur ɗin aro, ni da tsintsiya. Mazan layi sun fito cikin manyan riguna da rawani naɗe har hanci, mai unguwa yana nuna wa kowa inda zai kama. Ɗan Hajja yana tsaye ƙofar gidansu. Ya dubi zaurena, ya dubi gidan nan mai kwaɗo, ya kau da kai. Wani maƙwabci da na san shi ne kan gaba wajen ƙorafi ya ce da ƙarfi, don in ji, wai wajen ci akwai mutane, wajen shara babu. Na sunkuya ina shara, idona ya ciko, na ƙi yarda ya gani.

Ina nan sunkuye na ji ƙarar baro a kan kwalta. Na ɗago. Baba ne a gaba, rigar sanyi a kan riga, diga a kafaɗa, sauran na biye da shi da shebur da bokitai da dogayen ƙarafan rodi. Ba dukansu suka zo ba, kuma ban taɓa riƙe waɗanda suka zauna a zuciya ba. Amma waɗanda suka zo sun cika layin. Baba ya wuce ni bai ko tsaya gaisuwa ba, ya ce, "Ina ramin?"

Na sha ganin aiki, amma na ranar daban ne. Kafin mazan layi su gama shawarar ta inda za a ɗaga murfin magudanar, an ɗaga shi. Aka jera, bokiti na bin hannu, baro na zuwa na dawowa. Abin da ya fito daga ramin kowa ya ga nasa a ciki: yashi, leda, ƙasusuwan rago, ganyen shayi, tsumma, da maiƙo wanda ba a rubuta sunan kowa a jikinsa ba. Na dai tsaya inda mai ƙorafin nan zai ga fuskata. Can sai ruwan da ya yi makonni a kwance ya motsa, ya yi wata ƙara, ya fara bin hanyarsa. Yaran layi suka yi ihu. Hajja ta aiko da shayi mai kumfa da burodi mai zafi, Larabawa da mutanena suka tsaya suna sha daga tire ɗaya. Ni kuwa sai yawo nake tsakaninsu ina fassara abin da ba ya bukatar fassara, kaina ya yi girma, ina ji kamar ni na haife su duka.

Ana cikin haka motocin baladiyya suka shawo kwana, ta shara da ta zuƙe ruwa. A gabansu kuma akwai wata ƙaramar mota mai fitila a ka, da mutane cikin kaki.

Layin ya yi tsit ta ɓangarenmu. Bokiti ya tsaya a hannun mai bokiti. Na ga idanu suna auna nisan lungu, na ga wani ya ajiye shebur a hankali. Baba yana cikin rami, ruwa har gwiwa, ko ya so gudu ba hanya. Ya ɗago ya dube ni. Na taka na je na tsaya a bakin ramin, tsakaninsa da motar, da tsintsiyata a hannu. Ban san abin da tsintsiya za ta tare ba.

Masu gadin baladiyya ne, sun rako motocin don su tsare hanya. Babbansu ya sauko, ya gaisa da mai unguwa, ya dubi tulin dattin da aka fitar, ya dubi mutanena da suka yi cirko-cirko da laka har ƙirji. Ya nuna su da haɓa ya tambayi mai unguwa, waɗannan fa, su waye, kamfani aka ɗauko?

Mai unguwa bai yi ko jim ba. A gaban ɗan Hajja, a gaban mai ƙorafi, a gaban kowa, ya ce da Larabci, "Jiran."

Mai kakin ya gyaɗa kai, ya ɗaga musu hannu ya ce Allah ya ba da lada, ya juya yana yi wa motar shara alamar ta matso. Na dubi ɗan Hajja, na ga ya karɓi shebur daga hannun wani yana tura datti cikin baro. Daga nan na san maganar tashi ta mutu, kuma ba ta sake tasowa ba.

Ina shirin sauke ajiyar zuciya na ji an ja bakin zanena. Baba ne daga cikin rami, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Ɗiyata, na ji ya ce jira. Jiran mi? Wata mota ta za ta zo ta kwashe mu? Hwaɗa min gaskiya, in sa yaran su tahi tun da sauran hanya."

Sai a lokacin na gane da kunnen Hausa ya ji kalmar. Mutumin nan ya fi ni daɗewa a ƙasar. Ya san sunan siminti da yashi da Larabci, ya san yadda ake cewa tsaya, kawo takarda, hau mota. Wannan kalmar ce kaɗai ba wanda ya taɓa faɗa masa.

Na durƙusa a bakin ramin, ban damu da lakar ba. Na ce, "Ba jira ba ne, Baba. Larabci ne. Cewa ya yi maƙwabta ne."

"Su wa?"

"Ku. Mu."

Ya dubi mai unguwa, ya dube ni. Ya goge fuska da bayan hannu, ya bar laka a gemunsa. Ya maimaita kalmar a hankali, don ya ji yadda take a bakinsa. Sannan ya ɗaga murya ya ce wa na sama, "Kai, miƙo min bokiti, ba mu gama ba."